Injin Niƙan Baba Nababa

"Ka koma, Badaru. Don girman Allah ka koma tasha tun Baba bai dawo ba."

Tarbar da Zuwairatu ta yi wa mutumin da ta yi wata da watanni tana kewarsa ke nan. Ba sannu da zuwa, ba ga ruwa. Yana tsaye a bakin rumfar niƙan mahaifinta da ke bayan kasuwar Lafiya, jaka a kafaɗa, ita kuwa sai waige-waige take yi kamar wadda ta ɗauki kayan wani.

"Zuwaira, rediyo ta ce malamai sun kusa janye yajin aiki..."

"Na ji. Mu ma muna da rediyo."

"To ki bar ni in gan shi, farin cikina. Ni zan faɗa masa da bakina."

"Kada ka ƙara kirana haka a nan. Ka san abin da ya same shi kuwa?"

Bai sani ba. Ina zai sani, tunda duk saƙon da ya aiko ta hannun direbobin tasha ba ta amsa ko ɗaya ba? Ya leƙa cikin rumfar. Ga tukunyar niƙa an rufe ta da buhu, ga bel a naɗe, ga kusoshi huɗu a tsaye cikin siminti inda inji yake zama. Injin ne babu. Abin da ya rage nasa shi ne lanƙwasasshen ƙarfen da ake murzawa a tayar da shi, yana rataye a bango.

Wannan inji ba ƙaramin abu ba ne a gidan Malam Nababa. Ya saye shi shekarar da aka sa Zuwairatu a firamare, shi ya sa yake ce mata, "Ƙaninki ne." Da ƙugin injin nan aka yi mata kayan makaranta, da shi aka kai ta sakandare, da shi ta shiga jami'ar fasaha ta gwamnati da ke wata jiha, tafiyar wuni guda daga Lafiya. Jami'ar ma yarinya ce, an buɗe ta a tsofaffin gine-ginen wata kwalejin malamai, ɗalibai suna zanen injina a azuzuwan da aka yi don koyon karatu. Mata biyu ne kacal a ajinsu na injiniyan noma. Tun ranar da ta dawo hutun farko da dogon katakon zane a hammata, mahaifinta ya ajiye sunanta na yanka. Injiniya yake ce mata, ko ruwan alwala zai aike ta.

A jami'ar nan ba a ba ka takarda don ka iya surutu. Shekarar ƙarshe sai kowa ya yi aiki da hannunsa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Nata aikin na auna ƙasa da ruwan fadama ne, kwalabe da takardu, bai buƙatar ko ƙusa. Badaru kuwa, ɗan ajinsu, maraya ne da ya taso a hannun kakarsa, shi ya ɗebo da zafi: na'urar ɓare agushi ya ƙera. Ya yi zane, ya yi walda, na'ura ta fito tsaf. Sai malaminsa ya ce ba za a duba ta ba sai an ga tana juyawa, injin sashen kuwa guda ɗaya ne kuma ya lalace. In ba inji, sai maimaita shekara.

Ranar da ta ga Badaru zaune a bayan ɗakin ƙere-ƙere ya rafka tagumi, ranar ta yanke shawarar da ta hana ta sukuni. Ta zo Lafiya ta ce wa mahaifinta ita ce ta ƙera na'ura, tana neman aron ƙaninta na sati biyu. Kunya ce ta hana ta cewa akwai wani saurayi. To kunya a ina, Zuwairatu? Ga ƙarya ta fito miki sumul, gaskiya ce kawai ta maƙale a wuya! Malam Nababa ko tambaya bai yi ba. Da hannunsa ya kwance injin, ya nemo akori-kura, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa ƴarsa ta ƙera abin da zai hutar da matan Lafiya ɓare agushi da farce. Can makaranta kuma ta ce wa Badaru Baba ya san komai, ya ma ce a gaishe shi.

An ɗaura injin ke nan, ko gwadawa ba a yi ba, malamai suka tafi yajin aiki. Aka ce ɗalibai su bar makaranta kafin la'asar, aka datse ɗakin ƙere-ƙere da kwaɗo. Ƙarfen tayarwa kaɗai ta tsira da shi, don yana cikin jakarta. A tasha, tana kuka, ta gaya wa Badaru gaskiya. Daga baya ta koma har sau biyu, masu gadi suka ce makulli ba ya hannunsu.

Sati biyu suka zama damina guda. Masu niƙa suka gaji da jira suka koma wani layi. Innarta Rekiya ta koma tuyar ƙosai da markaɗen dutse. Malam Nababa, mutumin da bai taɓa yi wa wani aiki ba tun da ya yi gemu, ya tafi neman aikin lada a wani injin casar shinkafa. Can bel ya kama masa hannun dama, ya tafi da yatsu biyu.

"Yatsu biyu, Badaru," in ji ta. "Ni na yanke su. Ni da kai. Yanzu ka ce in kalli hannun nan in ce masa ina son aure?"

Badaru ya ajiye jakarsa a hankali. Sai ga sallama daga bayansu.

Malam Nababa ne, hannu a naɗe cikin tsumma, fuska a sake. Da ta ce masa ɗan ajinsu ne, ai sai murna ta tashi. Ya ja baƙo zuwa gida, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya leƙa ya ce wa Inna Rekiya ta ƙara sakwara. A hanya ma sai da suka tsaya, don Mama Iveren mai burabusko ta tare Zuwairatu da tambayarta ta kullum: "Injiniya, yaushe ƙanin naka zai dawo? Waɗancan masu niƙan suna ƙona mini dawa." Malam Nababa ya yi dariya ya ce ta ƙara haƙuri, an kusa.

Wajen cin abinci ne Badaru ya ga abin da idonsa. Tsohon ya kwance tsumman, ya yi bismillah, ya kai hannu zai yanki sakwara, lomar ta suɓuce ta koma cikin miya. Ya sake gwadawa. A na uku ya ɗauki cokali yana ƴar dariya, wai ya zama Bature da tsufansa. Zuwairatu, da ta kawo ruwa ta durƙusa a bakin ƙofa, ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Nababa bai lura ba, hirarsa yake yi. Ya ce ya riga ya kai ɗinki, ranar da za a duba na'urar da shi za a tafi, ya ga sunan ƴarsa a jikin ƙarfe, sannan ya ɗauko injinsa. Sai ya juya ga baƙo.

"Kai da ka gani da idonka, ɗan samari, ba ni labari. Ita in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Yaya abin da Injiniya ta ƙera yake?"

Badaru ya dubi kwano. Ya yi mata alkawari tun ranar da ta gaya masa gaskiya a tasha ba zai tona ba, amma ƙarya ga wannan hannun ta fi ƙarfinsa. Tsohon ya gaji da jiran amsa, ya ajiye cokali.

"Baba..." in ji Zuwairatu. "Ba ni na ƙera ba."

"Na'am?"

"Nasa ne. Na'urar tasa ce. Ni na yi maka ƙarya, shi ma na yi masa. Bai roƙe ni ba, Baba, wallahi bai roƙe ni ba. Ni ce... ina son sa, na ji kunyar faɗa maka."

Da ya yi faɗa da ta ji sauƙi. Da ya ɗaga hannu ma da ta gode. Malam Nababa bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya mayar da tsumman ya naɗe.

"Da kin faɗa mini, da na bayar," ya ce. "Abin da zan ce kawai, kawo shi in ga fuskarsa. Kin sa na cika kasuwa da labarin da babu shi." Ya dubi Badaru. "Gama cin abincinka, baƙo ba ya tashi da yunwa a gidana. In ka gama, Allah ya kiyaye hanya." Ya miƙe, a bakin ƙofa ya ce, "Zuwairatu, kwashe kwanukan."

Zuwairatu! Sunanta ne fa, amma sai ta ji shi kamar mari.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Yana amsa gaisuwarta, yana cin abin da ta dafa, amma Injiniya ta mutu a bakinsa. Inna Rekiya ta yi mata faɗa son ranta, daga baya ta zauna ta taya ta kuka. Zuwairatu ta karɓe markaɗen dutse gaba ɗaya, tana yi har tafin hannunta ya yi kanta, kamar hakan zai mayar da yatsu. Ta kuma aika wa Badaru cewa ya manta da ita, ba za ta gina gida a kan hannun mahaifinta ba.

Shi kuwa ashe bai bar gari ba. A masallacin tasha yake kwana. Kullum da safe sai ya tafi injin casar nan, ya roƙi mai wurin ya bar shi ya yi wani aiki kyauta. Ya tsinto ragar ƙarfe da guntayen langa-langa wajen masu walda, ya yi wa bel ɗin da ya ci yatsun keji, ya bi sauran injinan layin ya yi musu. Leburorin suka riƙa yi masa dariya, wai ɗan boko ya zo sa wa inji riga. Labari ya kai kunnen Malam Nababa, ya je ya tsaya daga nesa ya kalla. Ya juya ya koma, bai kuma faɗa a gida ba. Mama Iveren ce ta kawo wa Zuwairatu labarin, ita kuwa ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta san na mene ne ba.

Aka janye yajin aiki. A satin da aka ba Nasarawa jiha, gari ya cika da kiɗa da hon ɗin motoci, Malam Nababa ya shiga rumfa ya sauke ƙarfen nan daga bango. Ya ce wa Inna Rekiya ta gaya wa ƴarta ta shirya, zai bi ta ya ɗauko injinsa. Sabon ɗinkin bai sa ba, tsohuwar rigarsa ta aiki ya saka. Tun daga Lafiya har suka sauka, maganarsa da ita ba ta wuce ta sallah da ruwa ba.

Ranar duba aiki ɗakin ƙere-ƙere ya cika da ɗalibai, malamai na zaune da takardunsu. Na'urar na tsakiya, an goge mata ƙura, sunan Badaru a jiki da farin fenti. Malam Nababa bai kalli sunan ba. Wajen injinsa ya nufa, ya shafa shi, ya duba mai, ya zura ƙarfen. Ya kama da hannun dama kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya murza. Ƙarfen ya kuɓuce ya faɗi ƙasa da ƙara.

Zuwairatu ta toshe bakinta da gyale, hawaye na bin yatsunta.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauka. Ya dubi hannunsa, ya dubi Badaru da ke tsaye gefe kamar mai jiran hukunci, ya miƙa masa.

"Zo, ɗana. Ni na gama tayar da shi. Murza a hankali tukuna, ba ya son gaggawa."

Badaru ya karɓa da hannu biyu. Ya murza, ya murza, injin ya yi tari, ya fesa baƙin hayaƙi, ya kama. Aka zuba agushi, ɓawo ya yi gefe, fararen ƙwayoyi suka riƙa zuba cikin daro. Ɗalibai suka ɗauki tafi. Malam Nababa ya ɗebi agushin da yatsunsa ukun ya daɗe yana dubawa.

"Kai za ka mayar mini da shi Lafiya, ka ɗaura shi inda ka san an cire," ya ce wa Badaru, da ƙarfi don ƙugin injin. "Ka yi masa irin rigar nan da ka yi wa na casa. In ka gama, ka turo mini manyanka."

Zuwairatu ta durƙusa a gabansa, nan cikin mutane, ta kama gefen rigarsa.

"Baba, ka yafe mini... hannunka..."

"Hannu ya riga ya tafi. Tashi, kada ki sa ni kuka a gaban malamanki."

Ta tashi tana share fuska. Ya waiga ko'ina cikin ɗakin, na'urori birjik, kowace da sunan mai ita.

"To ina naki?"

"Nawa ba inji ba ne, Baba. Ƙasa ce kawai a cikin kwalabe, da ruwa. Ba abin kallo..."

"Na yi tafiyar wuni guda don in ga aikin ƴata," in ji Malam Nababa, yana gyara hularsa da hannun hagu. "Wuce gaba, Injiniya. Nuna mini kwalaben."