Yashin Rafi na Bakwai

A wata ƙasa mai yawan rafuka, an yi wani mutum da ke ɗebo wa masu neman lu'ulu'u yashi don gwaji. Kowane rafi sai ya ɗiba, ya ɗaure a buhu, ya rubuta lambar rafin. Rafi na bakwai yana bayan dutse, ga gajiya. Sai ya ɗiba a na shida, ya ɗaure, ya rubuta na bakwai.

Aka ga alamar lu'ulu'u a buhun. Aka kai injin haƙa rafi na bakwai, tsakiyar gonar geron wata tsohuwa.

Da mutumin ya ga za a lalata gonar, sai ya ce wa shugaban masu haƙar, "Yallaɓai, yashin na shida ne. Ban taɓa zuwa nan ba."

Shugaba ya ce, "To, barka da zuwa."

Aka juya injin. Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya, ta koma korar tsuntsaye.