Kujerar da Aka Jingine

"Goge shi!"

Kawu ya buga takardar a kan kantar karɓar baƙi, har biro ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri..."

"Na ce ki goge sunansa! Ni na nema miki aikin nan, amma ki riƙa tura baƙi wurin wani mai soya kifi a lungu, ga gidan abincina a bakin ruwa da tebur arba'in?"

Auta ta sunkuya ta ɗauki bironta. Ta miƙe ta dube shi.

"Naka ne na farko a takardar, Kawu. Nasa ne na ƙarshe. In baƙo ya tambaye ni inda zai ci abinci mai daɗi, ƙarya zan yi masa?"

"Za ki gani," in ji Kawu, ya fita.

Garin ƙarami ne, a bakin tafki. Wata uku kawai a shekara baƙi ke zuwa yawon shaƙatawa, sauran watannin ko kare ba ya haushi a titin. Auta ce ke karɓar baƙi a babban masaukin garin, kuma duk wanda ta miƙa wa makullin ɗaki sai ta haɗa masa da takarda mai sunayen gidajen abinci bakwai. Baƙo bai san gari ba. Inda jan biron Auta ya zagaye, can yake zuwa.

Kullum kuwa na bakwai take zagayewa.

Wurin Kuku ke nan. Tebur shida ne, a bayan shagon masu gyaran keke, shi ke girki, mahaifiyarsa Iya ke wanke kwanuka. Teburin da ke jikin taga kuwa ba a zama a kansa. Masu gidan abinci in sun jingine kujera a jikin tebur, ƙafafunta biyu a sama, to da mai wurin. Kujerar nan kullum a jingine take har ƙarfe biyu na rana, lokacin da Auta ke samun hutun cin abinci.

"Ranki ya daɗe, mai jan biro," zai ce, yana sauke mata kujerar.

"Yau ma gishiri ya yi yawa, ko?"

"Tunaninki nake yi, hannuna ya zarce."

"Kai dai Kuku, bakinka ya fi girkinka daɗi!"

Iya ta leƙo daga bayan labule. "Ku bar surutu, abinci na hucewa. Ke 'yar nan, ci ki ƙoshi, kin rame kamar tsintsiya."

An tsayar da magana, da zarar baƙi sun watse manyan Kuku za su je neman auren Auta. Kawu ya rantse ba da yawunsa ba. Shi dai baki ne da shi. 'Yarsa, wadda ake kira Gimbiya, ita ce mai dabara, kuma ta daɗe tana jin zafin yadda ake yabon lungun fiye da gidan ubanta.

Sati biyu da fara zuwan baƙi, wata Laraba, Auta ta iso lungun ƙarfe biyu daidai. Ta taga ta hango.

An sauke kujerar.

Gimbiya ce zaune a kai, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kuku ya sunkuyo daf da kunnenta, yana magana ƙasa-ƙasa, yana murmushi.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Ba ta shiga ba. Ta juya.

Da la'asar Gimbiya ta biyo ta masaukin, tana gyara gyale.

"Ashe kujerarki da daɗin zama haka, ƙanwata? Shi da kansa ya sauke min."

Kafin a tashi daga aiki Auta ta ɗauko takardun gaba ɗaya, ta bi na bakwai da jan biro, layi biyu-biyu, har takarda na yagewa. Abin da Kawu ya kasa sa ta yi da tsawa, ta yi shi da hannunta, ba wanda ya roƙe ta. Kuma a faɗi gaskiya, ita ce ta fi kowa cancantar ta gane. Sau nawa a rana take yi wa baƙon da ya ɓata mata rai murmushi, don aiki ya ce a yi?

Kuku ya kira wayarta, ta kashe. Ya sake kira, ta rufe lambarsa. A rana ta uku ya zo har kantar karɓar baƙi, da rigar girkinsa a jiki.

"Auta, lafiya? Me na yi?"

Ta dube shi da murmushin aiki.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Ɗaki kake nema?"

"Zuciyata, ni ne fa..."

"Ɗakuna sun cika. Na gaba!"

Ya tsaya jim. Idonsa ya sauka kan takardun da ke gefenta, ya ga jan layin, ya gane hannun da ya ja shi. A ransa ya yanke cewa ta zaɓi kawunta. Shi ma da nasa girman kan, bai sake dawowa ba.

Baƙi suka ci gaba da tambaya.

"'Yan mata, ina za mu ci kifi mai kyau?"

"Na farko," take cewa. "Bakin ruwa."

Wasu su dawo suna ƙorafin shinkafa ta yi sanyi, miya ba ɗanɗano. Ta ba su haƙuri. Ƙarfe biyu ta ci burodi da shayi a bayan kantar.

Lungun ba ya kan hanyar kowa. Wanda ba a nuna masa ba, ba zai taɓa sanin akwai shi ba. Wata biyu da rabi suka wuce haka.

Ranar da motar baƙi ta ƙarshe ta tashi, Iya ta shigo masaukin. Ba ta yi sallama mai tsawo ba.

"Ke 'yar nan, zo nan."

"Iya, ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarki. Tambaya ɗaya na zo yi. Ɗana me ya yi miki?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ya ba Gimbiya kujerata. Da idona na gani, yana mata raɗa, yana dariya."

Iya ta riƙe haɓa.

"Innalillahi! Wannan ne? Yarinyar da ta shigo yana bakin wuta, ta sauke kujera da hannunta ta zauna? Ina tsaye ya je ya ce mata, 'Don Allah tashi, da mai wurin.' So kike ya daka mata tsawa a gaban baƙi? Kin taɓa ganin ya yi wa mai cin abinci magana ba a sunkuye ba? Ko minti biyu ba ta yi ba ta fita!"

"Iya..."

"Kifi ya riƙa ruɓewa muna zubarwa. Tebur shida, wata rana ko ɗaya ba a zauna ba. Amma kujerarki kullum sai ya goge ta ya jingine. Ke kuwa baki gare ki, ba ki iya tambaya ba?"

Auta ba ta san lokacin da ta fita ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ta tarar an cire allon ƙofa. An kwashe tukwane, an kwashe tebura biyar. Kuku na ɗaure kwali da igiya. Jikin taga kuwa teburin na nan, kujerar a jingine.

"Kuku, na..." Kuka ya ci ƙarfinta. "Na yi kuskure. Wallahi na ɗauka... Gobe zan mayar da sunanka, zan sa shi na farko, zan..."

"Baƙi sun tafi, Auta."

"Za su dawo baɗi!"

"Mai ginin ya bayar da wurin. Kawunki zai ajiye kujerunsa a nan." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Na samu aiki a kicin ɗin wani jirgin ruwa. Shekara uku. Iya za ta koma wurin yayata."

"Zan jira ka! Ko shekara goma ce!"

Sai a lokacin ya dube ta. Ya rame, idanunsa sun yi ja, amma ba fushi a cikinsu, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Na yafe miki, zuciyata, har ga Allah. Amma kar ki jira. Da zagina kika zo kika yi a gaban mutane, da mun shirya a ranar. Ke kuwa kika yi min murmushi kika ce na gaba. Ba zan iya zama da fargabar ranar da za ki sake ganin wani abu ta taga ba."

Ya sauke kujerar, ya goge ta da gefen rigarsa kamar yadda ya saba.

"Teburin na mai gini ne. Wannan taki ce."

Washegari da safe ya tafi. Bai rubuto ba, ita ma ba ta da inda za ta rubuta.

Shekara ta zagayo, baƙi suka dawo. Sunaye shida ne yanzu a takardar, kuma Auta ba ta zagaye ko ɗaya. Wata rana wasu ango da amarya suka tsaya a gabanta, hannu cikin hannu.

"An ba mu labarin wani ɗan wuri a lungu," in ji angon, "wai kifinsa ba irinsa."

"An rufe."

"Ayya! Me ya faru?"

"Wadda ke nuna hanya ce ta daina nunawa."

Amaryar ta gaji da tsayuwa. Ta hango wata kujerar katako a bayan kantar, an jingine ta da bango, ƙafafu biyu a sama.

"'Yar'uwa, ara min kujerar can mana in ɗan huta."

Auta ta zagayo da tata kujerar ta aiki, ta ajiye mata.

"Zauna a wannan," ta ce. "Waccan da mai ita."