Igiyar da Shu'aibu Ya Kawo

"Yaya Idris ya ce mita saba'in zan saya, kuma mai talewa."

Shu'aibu ya ajiye cokali. Bai ɗago kai ba.

"Wa ya ce?"

"Yaya Idris mana... Ai ka ji ni."

"Na ji. So nake ki maimaita, in tabbatar a gidana nake zaune."

Muhsinat ta tsaya da kofin ruwa a hannu. Ta san wannan muryar. Ba ya ɗaga ta, sai dai ta yi sanyi.

"Habibi, igiya ce fa kawai."

"Igiya ce kawai! Da me nake ciyar da ke?"

Ta ajiye kofin. A nan kam yana da gaskiya. Tun da Shu'aibu ya zo Dubai, wankin gilashin dogayen benaye yake yi. Da safe a ɗaure igiya a kan rufin bene, ya sauko a jikinta da bokiti a ƙugu, motoci a ƙasa kamar tururuwa. Tafin hannunsa duk kanta ne. Ko da ido rufe, idan ya murza igiya zai gaya maka ta tsufa ko da sauranta.

Ita kuwa Muhsinat nas ce a wani asibiti nan Al Qusais, kusa da gidan da suke haya. Da mahaifinta ya rasu a Kano ta daina cin abinci, ta daina dariya. Shu'aibu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kai ta bakin ruwa, duk a banza. Khadijatu ce, matar Idris, ta ja ta wurin da suke hawan bango don motsa jiki. Daga bango suka koma hawan dutse a Hatta duk Asabar. Dariyar ta dawo. Shu'aibu ya ji daɗi, ya gode wa Allah. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro: ba shi ya dawo da ita ba.

Idris ɗan kawunta ne, taubashinta. Tun suna yara ake tsokanarsu da mata da miji. Har yau idan ya bugo waya, da "Ina baiwata?" yake farawa, ita kuma ta ce, "Allah ya kiyaye, wa zai yi wa matsiyaci bauta!" su yi ta ƙyalƙyala dariya. Wasa ne na gado, kowa ya sani. Shu'aibu ma ya sani. Sanin bai taɓa sanyaya masa zuciya ba.

"Kina da miji mai kwana da igiya, ya tashi da igiya," in ji shi, "amma sai kin tsallake shi kin tambayi ɗan kawunki mai aikin ofis."

"Ai igiyar ba iri ɗaya ba ce da taku..."

"Shi ya gaya miki?"

"Haba, masoyi!"

"Khalas, magana ta ƙare. Ba za a sayi komai ba. Ni zan kawo miki igiya. Asabar kuma da ni za a je."

Ta ɗauki kwanonsa da bai cinye ba ta shige kicin.

Kashegari ya dawo da igiya a kafaɗa. Tasa ce ta kansa, fara mai ratsin baƙi, mita hamsin. Ya jefa ta a tsakar falo.

"Wannan ta riƙe ni a hawa na arba'in, iska tana kaɗa ni. Ba ta talewa ko kaɗan. Abin da ke talewa ai roba ce, ta ɗaurin kaya."

"Dutsen mita talatin ne," ta ce a hankali.

"To! Talatin da hamsin, wanne ya fi? Har da ragowa."

Ta durƙusa ta shafa igiyar. Ba ta ce komai ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin ya ci nasara.

Ran Asabar suka kama hanyar Hatta da hantsi, sanyin hunturu bai gama sakin gari ba. Idris ke tuƙi, Shu'aibu a gefensa, matan a baya. Idris mutum ne mai surutu, ga fara'a. Ya ba da labarin Kano, ya tsokani matarsa, ya leƙa madubi ya ce, "Baiwata, yau dai kada ki ba ni kunya gaban maigidanki." Shu'aibu ya juya fuska ga taga.

Suka ajiye mota suka taka cikin kwari zuwa gindin dutsen. Jan dutse ne, a miƙe kamar bango, da ƙananan zobban ƙarfe a kafe a jikinsa jefi-jefi har sama. Muhsinat ta sa ɗamarar hawa a kan doguwar rigarta da wando, ta cusa hijabi ƙarƙashin hular kwano. Shu'aibu ya kwance igiyarsa, ya ɗaga kai yana dube-dube.

"Ta ina ake zagayawa sama a ɗaure?"

"Ba a zagayawa, Malam Shu'aibu," in ji Idris. "Daga ƙasa za ta hau da ita, tana maƙala ta a zobban nan ɗaya bayan ɗaya. Wani yana riƙe mata a nan." Sai idonsa ya sauka kan farar igiyar. Fara'ar ta ɓace. Ya ɗauki bakinta ya ja da hannu biyu. "Wannan fa? Ba dai da ita za ta hau ba?"

"Da ita."

"A'a, wallahi a'a. Wannan ta aikinku ce, ta rataya. In ƙafarta ta zame tana sama da zobe, faɗowa za ta yi kafin igiya ta riƙe. Mai talewa ke shanye faɗuwar. Wannan kuwa fizgarta za ta yi, bayanta ne zai shanye. Kuma ta yi gajarta. In ta kai sama za ta ratsa igiyar a zobe a sauko da ita, hawa da sauka ke nan, sittin. Hamsin za ta ƙare tana rataye a iska!"

Shu'aibu ya ji maganar ta shige shi kamar ƙusa. Shi daga sama yake lissafi, don daga sama ake sako masa igiya, layi ɗaya. Bai taɓa kawo ninki a ransa ba. Zancen fizga kuwa ba sabo ba ne a kunnensa. Dokar farko da aka koya musu a wurin aiki ita ce kada ka kuskura ka hau sama da inda aka ɗaure igiyarka.

Ya sani sarai Idris ya faɗi gaskiya. Amma a gaban matarsa aka faɗa, kuma Idris ne ya faɗa.

"Kai ne za ka koya mini igiya?"

"Ba koyarwa ba ce. Ga tamu nan, shuɗiya, ta hau da ita."

"Matata ba ta hawa da igiyar wani."

"Malam Shu'aibu, ranar da yarinyar nan za ta taso daga Kano, Goggo mahaifiyarta ta bugo mini waya tana kuka. Amanarta ta ba ni."

"Kai aka ba wa amana. Ni aka ba wa aure."

Khadijatu ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Don Allah ku bari..."

Shu'aibu ya juya ga matarsa. "Ga tawa, ga tasa. Zaɓi."

A ransa ya riga ya gama lissafi. Za ta ɗauki shuɗiyar, don tana da hankali. Shi kuma ya samu abin riƙewa, ya koma gida da fushinsa, ya ce a gaban mutane ta zaɓi ɗan kawunta. Abin da ya zo nema ke nan, ko da bai faɗa wa kansa ba.

Muhsinat ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, idonta ya ciko. Sai ta sunkuya ta ɗauki bakin farar igiyar, ta zura a ɗamararta, ta ƙulle.

"Muhsinat!" Idris ya daka tsawa. Yanzu kam babu baiwata. "Kin haukace ne?"

"Mijina ya kawo, Yaya. Da ita zan hau."

"Zan kira Goggo yanzun nan!"

"Kira ta. Ka ce mata ina bin mijina, kamar yadda ta ce in yi." Ta miƙa wa Shu'aibu ƙarfen da ake zura igiya a riƙe mai hawa. "Riƙe mini, habibi. Ai ka iya."

Ya karɓa. Ya zura igiyar.

Ta yi bismilla ta kama dutsen. Khadijatu ta matsa ƙarƙashinta ta ɗaga hannuwa biyu, hawaye na zuba. Idris ya fasa kiran. Ya zagaya bayan Shu'aibu, ya durƙusa, ya lalubo ƙarshen igiyar ya yi mata ƙaton ƙulli, don kada ta zare daga ƙarfen idan ta ƙare. Shu'aibu ya gan shi ta gefen ido. Ya ga leɓɓan mutumin suna motsi da addu'a.

Muhsinat ta kai zoben farko, ta maƙala igiya. Ta ɗaga ƙafa. Zoben ya dawo daidai ƙirjinta, ya dawo ƙugunta, ya dawo gwiwarta. Igiyar ta saki tsakaninta da shi, ta yi lanƙwasa.

Shu'aibu ya ƙura wa lanƙwasar nan ido. Ya taɓa ganin wani abokin aikinsu ya zame ɗan kaɗan a kan irin wannan igiyar. Bai kai ƙasa ba, ko kusa. Amma a kwance aka mayar da shi ƙasarsu.

Takalminta ya goge dutse. Tsakuwa ta zubo masa a fuska.

"Tsaya!"

Ba ta tsaya ba. Ta miƙa hannu tana laluben wurin kamawa.

"Muhsinat, tsaya! Sauko!"

"Me ya faru?" Muryarta ta sauko a shaƙe, ba ta waiwayo ba. "Ba igiyarka ba ce?"

"Na ce ki sauko!"

"Ka ce in zaɓa, na zaɓa... Me kuma kake so?"

Ta ɗaga ɗaya ƙafar. Zoben ya koma ƙasan tafinta.

"Ba ta yi ba!" Ihun ya fasa kwarin, duwatsu suka maido masa da shi. "Igiyar ba ta yi ba! Ta yi gajarta, kuma za ta karya ki! Idris ya fi ni gaskiya... Don girman Allah ki sauko, rabin raina, kada ki ƙara taku ɗaya!"

Ta tsaya cak. Ta jingina goshi da dutsen, kafaɗunta suna girgiza.

"A hankali, ƙanwata," in ji Idris, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙafar dama, inda kika cire ta. Yauwa. Saura hagu."

Ta dawo taku-taku har zoben ya zo mata ƙirji. Shu'aibu ya ja igiyar ta miƙe tsaf, ya sauke ta sannu kamar mai sauke ƙwai. Ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ya durƙusa a gabanta yana kwance ƙullin.

"Kin sani," ya ce, bai ɗago ba. "Tun a gida kin sani."

"Na sani."

"To don me?"

"Na gaya maka da baki, ba ka ji ba. Duk abin da na faɗa, muryar Yaya Idris kake ji a ciki." Ta share fuska da bayan hannu. "Na gaji, habibi. Ba ni da uba yanzu. In ka sa na rabu da 'yan uwana, kai kaɗai ka rage mini. To gara in gani da idona, wanda ya rage ɗin zai bar ni in faɗo?"

Shu'aibu ya kifa fuskarsa a tafin hannunta. Namiji ne da ba a taɓa ganin hawayensa ba. Ran nan an gani. Idris da matarsa suka juya baya suna kallon kwari.

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma kada ka sake sa ni zaɓe."

"Ba zan sake ba."

Da aka jima ya miƙe. Ya naɗe farar igiyar ya ajiye ta nesa, kan wani dutse. Ya dawo ya tsaya gaban Idris, yana kallon ƙasa.

"Koya mini riƙon irin naku."

Idris ya ja hanci, fara'ar ta soma dawowa. "Sai ka ce Yaya. Ƙanwata kake aure."

Shu'aibu ya ɗago kai. "...Yaya Idris."

"Iska ta ɗauke, ban ji ba."

"Kai dai ka ji tsoron Allah!" in ji Khadijatu, ta kai wa mijinta duka a kafaɗa. Muhsinat ta fashe da dariya, hawaye bai bushe ba.

Idris ya hau da shuɗiyar, Khadijatu na riƙe masa. Ya ratsa ta a zoben ƙoli, ya sauko, bakinta biyu suka taɓa ƙasa har da saura. Ya nuna wa Shu'aibu yadda ake ja da yadda ake saki, ya tsaya a bayansa ya kama ragowar.

Shu'aibu da kansa ya ƙulla wa matarsa. Ya ja ƙullin, ya duba, ya sake ja. Ya gyara mata maɗaurin hula a haɓa. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta, yadda na bayansa ba zai ji ba.

"In kin kai sama, ni za ki fara kallo."

"Kai, Malam! Har yanzu?"

"Har yanzu."

Ta girgiza kai tana murmushi, ta kama dutsen.

"Yalla," ya ce. "Hau. Ina riƙe."