Ta Ƙofar Baya a Brasília

"Ajiye jakar can, ki wanke hannu kafin ki taɓa min kwano."

Zuleide ta tsaya a tsakiyar kicin ɗin, rungume da kwalbar ruwan kashun da ta kawo tsaraba.

"Ba kya ji ne? Ko a garinku ba a amsa wa manya?"

"Ina ji, Dona Eunice. Sai dai ni..."

"Sai dai me? An ce min sabuwar 'yar aiki za ta zo da safe, ga shi rana ta take. Ɗana zai kawo baƙuwa cin abinci, ko kuɓewa ba a yanka ba."

Baƙuwar da ake jira, ita ce a tsaye.

Zuleide malamar firamare ce daga Oeiras, can jihar Piauí. A can Otávio, ɗalibin zanen gine-gine, ya gan ta bara da ya je zana tsofaffin coci-cocin garin, har magana ta kai ga aure. Ta sha doguwar tafiya a bas don ganin birninsa da mahaifiyarsa. Ta sauka wurin gwaggonta a Ceilândia, bayan gari, inda aka kwashe waɗanda suka gina Brasília, babban birnin ƙasar, da hannunsu bayan an gama da su.

Jiya ya wuni yana zagawa da ita a mota. Ya hau da ita doguwar hasumiya ya nuna mata yadda aka shimfiɗa garin kamar jirgin sama mai buɗe da fukafukai. Ya nuna mata ginin majalisa da manyan rufinsa biyu masu siffar kwano, ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

"Dubi benayen nan, Zuzu tawa. Duk a kan ginshiƙai suke, ƙasan na kowa ne. Ba katanga. An zana garin ne don minista da direbansa su kwana a bene ɗaya."

"To ina mutanen?"

"Suna cikin mota."

"Gari ba lungu, ba bakin kasuwa... ina masoya suke tsayawa?"

"Ga ni, ga ki. Me kike nema kuma?"

Ta yi dariya, ta yarda da shi. Mace in tana so, ko zane a takarda aka nuna mata sai ta ɗauka gida ne.

Yau da ya ce zai je ɗaukarta, ƙi ta yi, don ba ta so ya ga kwatar unguwar gwaggonta. Ta shigo bas, ta yi kuskure ta sauka tun kafin wurin da suka yi zai jira ta, ta ƙarasa da ƙafa. Ba ta san cewa a garin nan duk wanda ya iso bene da ƙafa, aiki ya zo yi ba. A ƙarƙashin benen ta tarar da Heloísa, 'yar maƙwabta, wadda Otávio ya gabatar mata jiya, wadda kuma Dona Eunice ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa.

"Ah, malama! Lif ɗin gaba ya lalace. Bi ta can baya, zai kai ki har ciki."

Lif ɗin bayan ya kai ta kuwa, har cikin kicin.

Dona Eunice ta tura wata siririyar ƙofa kusa da wurin wanki. Ɗaki ne da ba taga, gado ɗaya ya cinye shi.

"Nan za ki kwana. Ba na son samari, ba na son rediyo. In za ki sauka, ta inda kika hawo."

Nan ya kamata Zuleide ta buɗe baki. Amma an rene ta a kan cewa ba a katse babba, balle surukar gobe, kuma kunya in ta wuce iyaka cuta ce. Ta ajiye kwalbar, ta wanke hannu, ta ɗauki wuƙa. Hawaye na ɗiga a kan kuɓewa.

Ta kusa gamawa ta ji muryar Otávio daga falo.

"Mama, ban gan ta ba. Na jira har na gaji..."

Ya leƙo kicin ɗin, Heloísa na bayansa. Ya daskare.

"Zuzu? Me kike yi da wuƙa?"

Dona Eunice ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar tun daga gashi har takalmin da ya kwashi jar ƙasa. Ba ta ji kunya ba, haushi ta ji.

"Wannan ce? To wa ya ce ta biyo ta baya? Kuma ba ta da baki ne?"

"Ni ma na yi mamaki," in ji Heloísa, tana danne dariya. "Ƙila nan ta fi sabawa."

"Ke kika ce min na gaba ya lalace," Zuleide ta faɗa a hankali.

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

"Ka ce min malama ce, Otávio," uwar ta ce. "Sauran, irin gidan da ta fito, ba ka faɗa min ba. Kowa ya gan ta abin da na ɗauka zai ɗauka, kada wanda ya ɗora min laifi."

Zuleide ta zuba wa Otávio ido. Kalma ɗaya take jira. Shi kuwa sai ya ƙaƙaro murmushi, ya ja hannunta zuwa bakin lif ɗin baya, inda ake tara kwandunan shara, ya turo ƙofa.

"Yi haƙuri, masoyiyata. Kuskure ne kawai. Goge fuskarki."

"Ka ji abin da ta ce?"

"Mama ce, haka take. Ga dabara: ki sauka ta nan, ki zagaya, ki hawo ta gaba ki danna ƙararrawa. Ni zan buɗe miki. Mu yi kamar ba a yi komai ba."

"Kamar ba a yi ba..."

"Gobe dariya za mu yi."

"To zo mu sauka tare."

Ya dubi lif ɗin. A benen nan aka haife shi, bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

"Zuzu, maigadi zai gani. Kafin yamma duk maƙwabta sun ji, Mama kuma..."

"Ba nisa, Otávio. Ka riƙe hannuna mu sauka ta nan, mu hawo ta can. In ka yi min wannan, na yafe komai, har ita."

"Kada ki mai da ƙaramin abu babba, don Allah."

"Jiya ka ce ba katanga."

"Wannan maganar zane ce, wannan kuma gida ne."

Bai san ya yanke wa kansa hukunci ba. Namiji yakan iya zagin rashin adalci wuni guda daga kan hasumiya, a ce ya taka shi da ƙafa a gaban uwarsa ya kasa.

Lif ya iso ya buɗe. Ta shiga ita kaɗai, ta juyo tana kallonsa. Har lokacin da sauran dama, taku ɗaya ne tsakaninsu. Ya tsaya da hannu a aljihu.

"Ina jiranki a ƙofar gaba," ya ce.

Ƙofar ta rufe.

Ya koma falo ya gyara kwalar rigarsa, ya tsaya kusa da ƙofa yana sauraron ƙararrawa. Heloísa ta shirya tebur. Kaza da kuɓewa ta nuna, ta huce. Da ya gaji ya leƙa ta taga, sai ya hango ta can nesa, ita kaɗai a cikin makeken filin ciyawa, tana bin 'yar siririyar hanyar da ƙafafun masu aiki suka fitar zuwa tashar bas, hanyar da babu ita a zanen kowa.

Ya sauka da gudu ya tada mota. Amma titunan garin ba sa juyawa inda mutum yake so. Sai da ya bi dogon zagaye, ya kutsa ƙarƙashin gada, ya sake zagayowa. Kafin ya isa, bas ya tashi.

Ya je Ceilândia washegari, gwaggon ta tare shi a bakin ƙofa ta ce Zuleide ta tafi tun asuba. Ya bi ta har Oeiras. Ta fito daga aji da alli a hannu, ta saurare shi har ya gama rantse-rantsensa.

"Na so ka, Otávio, har yanzu ban warke ba. Amma abu kaɗan na roƙe ka, ka auna shi ka ga ya fi ƙarfinka. Aure ya fi shi nauyi."

Ta koma wurin ɗalibanta, ta bar shi tsaye a rana.