Ranar da Amarya Ta Goya Surukarta a Keke

"Wannan baƙin man fa, daga ina?"

Amarya ta ɗago daga wanke-wanken da take yi. Umma ce, surukarta, tsaye a ƙofar kicin riƙe da wandon Tela. Ga shatin sarƙar keke nan ɓaro-ɓaro a ƙafar wandon.

"Umma, dama..."

"Dama me? Kurma kika zama?"

Tun ranar da babur ya kaɗe Tela, ƙafarsa ta dama ta karye, Umma ta tattaro kayanta ta dawo gidan don jinyar autanta. Ƙashi ya daɗe da ɗinkewa, likita ma ya ce yanzu maganin ƙafar motsi ne, kuma ba abin da ya kai keke. Umma ta ce likita bai san zafin haihuwa ba. Ko tsakar gida Tela ya taka sai ta yi salati. Aka lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zani, shi kuma ya koma zaman taga, ba fira, ba dariya, abinci ma sai an yi da gaske.

Amarya kuwa 'yar mai gyaran keke ce, a cikin tayoyi da faci ta tashi. Sai ta roƙi babanta aron kekuna biyu. Duk ranar asibiti, in an gama duba ƙafar, sai su biya shagon su ɗauka, su nufi dogon zirin ƙasar nan da ya kutsa cikin tafkin bayan gari kamar harshe, inda babu mota, babu idon jama'a.

"Keke muke hawa, Umma," ta faɗa a hankali. "Likita ne ya ce..."

"Keke! Innalillahi! Gurgu kike so ki mayar min da shi gaba ɗaya?"

Yaya, babbar yayar Tela, ta leƙo daga falo. "Ai na faɗa miki, Umma! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar mai faci me ta sani ban da taya?"

Tela ya dogaro sandarsa ya fito. "Umma, don Allah, ni ne na..."

"Rufe min baki!" in ji Umma. "Ke kuma haɗa kayanki ki tafi gidanku, sai na neme ki!"

Amarya ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi duk maganganun Yaya yi mata ciwo. Ta durƙusa ta ce, "Ki yi haƙuri, Umma," ta shiga ɗaki tana haɗa jaka hawaye na ɗiga a kan kayan.

Washegari da hantsi tana taya babanta jera kekuna a ƙofar shago, sai ga motar mijin Yaya ta ci birki. Umma ta fito mayafi a karkace, Yaya na biye da ita.

"Ina kika kai min ɗa?"

"Ni? Wallahi rabona da shi tun jiya!"

Baban Amarya ya ajiye famfo. "Subhanallahi! Ai ya zo da sassafe kafin ki fito, ya ɗauki shuɗin keken nan. Na zaci da sanin gida."

Wayar Tela na gida, in ji Yaya, a kan caji. Amarya ta ɗaga kai. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen tafki. Ta figi keke ta haye ta nufi can, motar ta biyo ta.

Inda kwalta ta ƙare, nan mota ta tsaya. Daga nan sai 'yar siririyar hanya tsakanin duwatsu da ciyawa.

"Ku jira ni nan, yanzu zan..."

"In jira? Ɗana yana can ruwa zai cinye shi, in jira?" Umma ta tattare zani ta dubi kariyar keken. "Nan ake zama?"

"Umma, kin haukace ne?" Yaya ta dafe ƙirji.

"Uwarki ce ta haukace, to! Ke, riƙe min abin nan!"

Haka Amarya ta goya surukarta. Iska na kaɗa su, keken na tangal-tangal, hannuwan Umma sun damƙe ƙugunta kamar za su karya ta. Ta taka feda har cinyoyinta na rawa.

Suka fara isa wani fili mai laushin ƙasa a gindin manyan bishiyoyi. Ba kowa.

"Me kike dubawa a nan?"

"Nan ya fara koyo, Umma. Ina riƙe da sirdin ina binsa a guje."

"Ya faɗi?"

"Ya faɗi. Ya yi kuka ma. Sai ya tashi ya ce a sake."



Suka gangara wajen tsohuwar gadar katako inda masunta suka daina ɗaure jirage. Igiyar ruwa na dukan ginshiƙan, wani abu mai duhu na yawo a ƙarƙashi.

"Wayyo Allah! Mene ne wancan? Rigarsa ce?"

Amarya ta dire ta ruga. Ta leƙa. Tsohon buhu ne. Ta dawo ta tarar da Umma zaune a ƙasa tana kuka wiwi.

"Ranar da aka kira ni asibiti, na ga jininsa a kan gadon da aka turo shi," in ji Umma. "Na yi alkawari in Allah ya bar min shi, ko ƙuda ba zai sake taɓa shi ba."

"Na sani, Umma. Ni ma ina wurin. Amma tashi mu je, ga sawun taya can, sabo ne."

Yayyafi ya fara. Sawun ya bi ta cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, ya hau tudu. Amarya ba ta taɓa barinsa ya hau tudun nan ba, domin gangarensa tsaye yake, ƙarshensa ruwa. Ta sauka tana tura keken, Umma na biye tana haki tana kiran, "Auta! Auta!" Iska na kwashe muryar.

A can ƙarshen zirin, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya kewaye ta ko'ina, suka hango shuɗin keken a kife, tayoyi sama.

Umma ta ƙwalla ƙara.

Sai ga kai ya ɗago daga bayan keken. Tela ne a tsugune, yana fama da sarƙar da ta zame. A tsugune, a kan ƙafar da Umma ta hana taka tsakar gida! Ya miƙe tsaye ba sanda, ya tako zuwa gare su yana ɗan ɗingishi.

"Umma? A keke kika zo?"

Ta kai masa duka a kafaɗa, ta kuma rungume shi. "Ɗan banza! Kashe ni za ka yi?"

"Jiya bakina ya mutu a gabanki, Umma, matata ta tafi da laifin da ba nata ba. Na ce bari ƙafar ta yi magana da kanta." Ya juyo. "Sori, Amarya. Ki yafe min."

"Sori za ta mayar da sarƙa ne? Matsa!" Ta durƙusa tana dariya tana hawaye, ta mayar da ita nan take.

Ruwan ya sauko sosai kafin su kai bakin kwalta. Tela na gaba a kan kekensa, Amarya na baya da goyonta. Yaya ta buɗe ƙofar mota ta saki baki.

"Shigo, Umma, kin jiƙe sharkaf!"

Umma ta sauka, ta kamo hannun Amarya. "'Yata za ta fara shiga. Ke kuma da kanki za ki je ki ɗauko mata jakarta, ki ba babanta haƙuri."

Kafin wata ya zagayo, Tela ya buɗe shagonsa, Umma ta koma gidanta da kanta, tana sa wa Amarya albarka har bakin mota.

Ita ƙauna, in tsoro ya yi mata yawa, ɗaure mutum take yi tana zaton tsaronsa take. Amarya ba ta rama gori ba, ba ta ɗaga wa babba murya ba, ba ta kuma saki abin da ta san shi ne lafiyar mijinta ba. Mai haƙuri irin wannan, ko an kore shi da yamma, da girma ake dawo da shi.