Gidan da Babu Kusurwa

Ran Juma'a da yamma Glenys ta sauka sayen soyayyen kifi da dankali, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Shagon yana can bayan gadar jirgin ƙasa, domin a unguwar bakin ruwa ba a sayar da abin da mutum zai ci ya ƙoshi. Akwai wurin shan kofi, akwai wurin gyaran gashin karnuka, amma madara da burodi sai ka yi tattaki. Iskar tekun garin nasu na Geelong kuwa idan ta shiga tsakanin dogayen benayen nan ta matsu, sai ta fito da ƙarfin da dole tsohuwa ta nemi abin dafawa. Glenys ta rungume ƙunshin kifin a ƙirji saboda ɗuminsa, ta sunkuyar da kai ta nufo gida.

Gidan nasu ba ya ɓace wa kowa. Tsofaffin rumbunan alkama ne na siminti a bakin tashar jiragen ruwa, aka huda musu tagogi aka mayar da su gidajen zama. Baƙi suna tsayawa su ɗauki hoto, an ce ma wanda ya zana aikin har kyauta ya ci. Da gani dai bai taɓa kwana a ciki ba. Kowane gida a zagaye yake kamar faifai: kicin da banɗaki a dunƙule a tsakiya, siririyar hanya ta kewaye su, ɗakuna suna buɗewa a jikinta. Kusurwa ko ɗaya babu. Gado ba ya mannuwa da bango, hoto ba ya zama daidai, magana kuma bin bangon take yi, ka yi raɗa a falo a ji ka a ɗakin kwana. Yawancin masu gidajen suna birnin Melbourne, sai lokacin zafi suke leƙowa, saboda haka da sanyin nan taga biyu ko uku ce kawai ke da wuta a duk tsayin ginin.

Wannan zagayen ne ya kawo su. Ciwon mantuwa ya cinye mijinta Merv, ya bar mata gangar jiki mai ladabi. Kullum rana ta sunkuya sai tafiya ta kama shi. A tsohon gidansu yakan je ƙarshen baranda ya tarar da bango, ya tsaya yana kuka, bai san yadda ake juyawa ba. A nan kuwa babu ƙarshe. Sai ya yi ta kewayawa har ya gaji, ta zaunar da shi ta ba shi abinci. 'Yarsu Narelle ta so a kai shi gidan kula da tsofaffi, Glenys ta ce in dai tana numfashi babu mai taɓa mata miji.

Har da wani buri a ranta lokacin da suka tare. A wannan rumbun Merv ya yi aiki yana saurayi. Nan ne ma alkama ta taɓa haɗiye shi har ƙirji, abokan aiki suka ciro shi da igiya, ya yi shekaru yana ba da labarin a mashaya yana ƙara masa gishiri. Ta zaci zai gane wurin. Bai gane ba, kamar yadda bai gane ta ba. Da farko abin yana ƙona mata rai, daga baya ya daina. Ta daina fushi, ta daina kuka, tausayin ma ya ƙafe. Ta zama hannu biyu masu wanki da shafa mai da ɓalle maɓalli, ba ta jin komai.

A ƙofa ta tarar da Sela, 'yar ƙasar Tonga mai taya ta kula da shi da rana, har ta rataya jaka.

"Mama, kin daɗe."

"Layi ne. Saurayi ke jiran ki?"

"Wane saurayi, da jikoki uku?" Sela ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta rage murya ta ce kwana biyun nan idan Baba ya fara zagayensa tana jin tafiyar mutum biyu, ɗaya da silifa, ɗaya da takalmin aiki. Glenys ta ce bangon ne, ai komai yana mayarwa.

"Bango ba ya riga mai tafiya isowa, Mama."

Sela ta ce da a garinsu ne da tuni an kira fasto, ita dai daga yau rana ba za ta ƙara faɗuwa tana gidan nan ba. Glenys ta ce to, ta gaida yara. Ko tsoro ba ta ji ba. Tunanin da ta yi kawai shi ne dankalin zai huce.

Ta zauna a bakin ƙofar falo, inda take iya ganin hanyar, ta warware takardar. Merv ya ɓullo daga hagu cikin rigar wankansa, yana jan silifa, hannu ɗaya yana shafa bango. Ya ɗan rusuna mata.

"Sannu da aiki, baiwar Allah."

"Yauwa, sannu."

Ya wuce ta dama, lanƙwasar bango ta ɓoye shi. Tana jin silifar tana nisa, ta bi ta bayan banɗaki, ta bi ta bayan kicin, ta dawo. Ya sake gaishe ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ta sake amsawa. A waje tsuntsayen teku suna ta faɗa a kan wani abu, hasken taga ya koma ruwan toka.

Sai tsuntsayen suka yi shiru.

Warin man suya ya ɓace daga hancinta. Wani wari ya maye gurbinsa, busasshe, mai ɗumi, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta san shi. Shekaru ta yi tana wanke shi daga rigunan mijinta.

Silifar tana can bayan kicin. Amma daga dama, kusa da ita, wani takalmi mai nauyi ya taka, ya sake takawa, ya tsaya.

"'Yar birni."

Dankalin ya faɗi daga hannunta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran ta haka, tun ranar da ya zo daga ƙauye ya gan ta tana tsoron saniya a wurin baje koli. Rabon ta da jin sunan har ta manta.

"Kin sake bari sun cika masa gishiri, ko? Ke dai ba kya jin magana."

Muryar ba ta rawa. Muryar ƙato ce mai ƙoshin lafiya, da dariya a ƙarƙashinta. Daidai inda bango ya lanƙwashe ta hango kafaɗa da damtse, shuɗiyar singileti, fatar da rana ta ƙona. Fuskar tana ɓoye a bayan lanƙwasar.

Glenys ba wawiya ba ce. Ta san mijinta yana can ɗaya gefen yana jan ƙafa. Ta san duk abin da ke tsaye a nan, aljani ne ko mene ne, ba shi ba ne. Ta sani sarai, ta ga kuma ba ta damu ba.

"Kin gaji," muryar ta ce a hankali. "Taso ki huta."

Ta tashi.

Ta yi taku ɗaya, kafaɗar ta ja baya da taku ɗaya. Ta ƙara, ta ƙara. Ta wuce ƙofar ɗakin kwana. Ya kamata ta ga ƙofar banɗaki, ba ta gan ta ba. Bango ne kawai, tsohon siminti mai sanyi, babu fenti, yana ta lanƙwashewa.

Wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalminta.

Kafet ɗin ya yi laushi. Ta duba, babu kafet. Alkama ce, ta rufe mata idon sawu.

"Saura kaɗan, 'yar birni."

Alkamar tana tafiya. Tana zurarewa ƙasa a hankali, da 'yar ƙara kamar ta yayyafi a kan kwano, tana tafiya da ita. Ta kai ƙwauri. Ta kai gwiwa. Da ɗumi. Glenys ta ji nauyin jikinta yana sauka daga kanta, karo na farko cikin shekaru, ta lumshe ido.

Sai ta ji silifa a bayanta.

Zagayensa yake yi. Ya wuce falo, bai tarar da wanda zai gaisar ba, ya ci gaba. Ba ya juyawa. Bai san yadda ake juyawa ba. Nan zai biyo, hannu a bango, ya shigo ciki da ladabinsa.

Ta buɗe ido.

Abin ya fito daga bayan lanƙwasar, yana tsaye a kan alkamar ba ya nutsewa. Jikin Merv ne na ƙuruciya. A gurbin idanun babu ido, alkama ce ke tsiyaya. Bakin a hangame yake, cike, leɓɓan ba sa motsi, muryar kuma tana ci gaba.

"Bar shi ya zo. Ku huta tare."

Tsoron da ya daɗe bai same ta ba ya zo gaba ɗaya. Ta murɗa jiki ta juya, alkamar ta kama ta har ƙugu.

"Merv, tsaya. Tsaya nan."

Bai san sunan nasa ba. Ya ƙara taku. Kan silifarsa ya taɓa alkamar.

Sai ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana duba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwanta rub da ciki a bakin kafet.

"Daina motsa ƙafa, abokina," ya ce. "Kwanto gaba. Baza hannu."

Ta kwanto. Ƙura ta cika mata baki. Yatsunsa, waɗanda suka manta yadda ake riƙe cokali, suka zare igiyar rigar wankan, suka jefo mata. Ta naɗe a wuyan hannu.

Wani abu mai sanyi ya riƙe mata ƙafa a ƙasa.

"Kada ka saki," in ji Merv.

Ya ja. Ba shi da ƙarfi, nauyinsa kawai ya sa. Ita ta yi ta jan ciki, tana tari, fatar hannunta tana salewa. Takalminta ɗaya ya zame, abin da ya riƙe ta ya tafi da shi.

Ta faɗo a kan kafet, kusa da ƙofar banɗaki. Fitilar hanyar tana ci. Firji yana gurnaninsa a kicin. A waje tsuntsayen sun koma faɗansu.

Merv ya zauna ya jingina da bango yana haki, rigarsa a buɗe. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta kira sunansa, ta kira nata, ta faɗa masa wace ce ita. Ya dube ta da kyau, ya ce ta yi haƙuri, ko ta san inda ake kama motar komawa gida?

Washegari Glenys ta sa Sela ta zo da nata mijin, suka tura babban kabad suka tare hanyar daga bango zuwa bango. Ba su tambaya ba, ita ma ba ta yi bayani ba. Sela ta share alkama cikin tafin hannu daga jikin kafet, ta ƙulle a leda, ta kai bola da kanta. Takalmin ba a gan shi ba. Da Narelle ta kira, Glenys ta ce mata kowa lafiya.

Yanzu gidan yana da ƙarshe. Kullum da yamma Merv yakan zo ya tarar da kabad, ya kifa goshi a jiki yana kuka, ta kama kafaɗarsa ta juya shi, ya tafi, ya dawo. Aikin ya ninku. Abin da ya dawo mata kuma ba ta roƙa ba: tana jin kukan nasa yanzu, har cikin ƙashi, kowace rana kamar yau ta fara ji.

Muryar ma ba ta tafi ba. Da zarar hasken taga ya dushe sai ta taso daga bayan kabad, ba ta gaggawa, ba ta fushi.

Wata yamma ta zaunar da shi tana ba shi miya, muryar tana kira. Merv ya karkata kai yana saurare. Ya ɗora hannu a kan nata ya tsayar da cokalin.

"Baiwar Allah, ke ake kira, ko?"

Ta waiga wajen kabad ɗin.

"Ki je," ya ce da tausayi. "Kada ki bar mijinki yana jira saboda ni."

Glenys ta goge masa haɓa da gefen tawul. Ta sake ɗebo miya.

"Zai jira," ta ce. "Buɗe baki."