Dutsen Guga Mai Ƙafa Uku

Saura ƙiris in fasa rubuta labarin nan. A aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, kuma mai labarin ta ce kada in kama sunanta. To, mu kira ta Zuliha.

A Kasuwar Dole ta Damagaram ta fara ganinsa, ranar da ta je sayen lalle, don yi wa mata lalle gida-gida shi ne sana'arta. Wayarta ta mutu, aka nuna mata teburin wani Bakano mai gyara, Isma'il. Ya gyara, ya ƙi karɓar ko dala.

"Lambarki ce ladan aikina," in ji shi.

"Ai wayar tana hannunka," ta ce, ba ta ɗago ba.

Wata biyar yana kiranta 'Yar Birni, ita ko sau ɗaya ba ta iya furta sunansa ba. Da maganar ta kai ga mahaifinta, Malam Idirisu baduku, sai ya girgiza kai.

"Mai tebur ɗaya? Gobe ya naɗe ya koma Kano. Ya kafa sana'a a Damagaram in gani kafin Babbar Salla. In ya kasa, ya daina tsayuwa a ƙofar gidana."

Isma'il ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya tafi Kano. Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo:

"'Yar Birni, wani kanti ya karye, ana gwanjon kayansa kashi biyu. Ɗaya dutsen guga ne na lantarki, ɗaya fanka da fitila masu caji da rana. Ƙarfina na kashi ɗaya ne. Dutsen gugan ya fi kyau da araha, na sako miki guda a mota ki gani. Ranar Alhamis za a rufe. Ina kewarki."

Da dutsen ya iso ta rungume shi kamar mai shi ne ya zo. Ta kai shi bango za ta jona, ya ƙi shiga. Ƙafa uku gare shi irin na Najeriya, ramin bangonsu kuwa biyu ne. 

Ita da ba ta iya haɗa ido da mutane, sai ga ta tana shiga gidaje da kwanon lalle a hannu, dutsen guga a jaka. Tana zana ƙafa tana tambayar mata ko za su sayi irinsa.

"Guga?" in ji Hajiya Kulu, ɗaya daga cikin matan da take yi wa lalle. "Da wane kuran? Wutar da ke leƙo mu kamar suruki mai kunya? Na gawayi bai taɓa yi mini yaji ba. Ke dai samo mini abin da zai yi wa jikana fifita."

Gida goma sha ɗaya ta shiga, mace ɗaya ce ta ce za ta saya, ita ma don ta jera a ɗaki. Daga nan ta daure ta je butik ɗin Mahamud, mai sayar da kayan wuta, wanda ya taɓa aiko mata da turare ta mayar. Ta hango irin dutsen a saman kanta, kwalayen duk sun koɗe.

"Gimbiya da kanta? Bakanon ya gudu ne?"

"Waɗancan yaushe ka kawo su?"

"Bara. Kyauta zan ba ki duka in kin yarda da ni."

Kafin ta isa gida labari ya isa Kano. Sai ga saƙon Isma'il:

"An ce an gan ki a wajen Mahamud. Allah ya sa alheri."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ranar Laraba ta zauna a gindin darbejiya, tun hantsi har azahar tana haɗa haruffa:

"Don kai na je. Dutsen ba ya shiga bangonmu. Na tambayi gida 11. Fanka suke so. Na Mahamud shekara guda ba a saya ba. Kada ka saya, Isma'il. Ka dawo."

 Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Takan bi ta kasuwa ba don komai ba, ta kalli teburinsa a kife. Ko ƙarar mota ta ji sai ta tsaya da zanen da take yi, har wata amarya ta ce, "Zuliha, furen nan kuka yake yi?"

A rana ta tara tana wanke kwano wayar ta yi motsi.

"Ina tasha da fanka sittin. Na karanta saƙonki ya fi sau sittin, kunya ta hana ni amsawa. A cikinsa kika fara kiran sunana. Ki yafe wa Bakanonki."

Hajiya Kulu ce ta fara saye, ta kuma yi masa shela a gidan suna. Kafin watan Salla ya tsaya Isma'il ya kama ɗan shago a unguwar Zango, ya koma Kano sari na biyu. Malam Idirisu ya je da kansa, ya zauna gaban fanka har ya yi gyangyaɗi. Da ya farka ya ce, "Turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan Salla da mako biyu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Washegari da safe mata suka cika ɗaki ganin amarya. Tana lulluɓe, an san amarya ba ta magana. Can ta matsa kusa da Hajiya Kulu, ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, in an kawo rediyo mai caji da rana, za ku saya?"